Kunne ke yanka waƙa, ba ido ba

Abin da nazarin rubutacciyar waƙa ya koya mini shi ne takarda ba ta isa shaida ba. Boko ba ya nuna dogon wasali, alhali karin waƙar Hausa kacokan kan nauyin gaɓa ya dogara. In ka ga "gari" a ɗango, wato layin waƙa, sai ka furta kafin ka san na tuwo ne, mai farawa da gaɓa mai nauyi, ko kuwa wanda ake zama cikinsa. Masu ajami sun fi mu hutawa, don alifi da wawu da ya suna tona tsawon. Shi ya sa malaminmu ba ya barin kowa ya taɓa alli don yanka waƙa, wato rarraba gaɓoɓinta a gano karinta, sai ya rera baitin tukuna, yana ƙwanƙwasa tebur da yatsa.

Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara karuruwan aruli, wato ma'aunin waƙar Larabci, guda 15 a ƙarni na 8, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Haddace sunayen ba wuya, a zihafi, wato sauyin da aka yarda a yi wa ƙafar kari, gizo ke saƙar. Ƙafar karin Kamil, mutafa'ilun, da gaɓa biyu marasa nauyi take farawa, kuma an yarje wa mawaƙi ya dunƙule su su zama ɗaya mai nauyi, ta koma mustaf'ilun, wadda ita ce ƙafar karin Rajaz. Ɗalibin da ya yanka baiti guda ya ajiye biro sai ya rantse Rajaz ce. Dole a bi waƙar har ƙarshe, inda asalin ƙafar za ta leƙo. Wasu waƙoƙin ma daga kiɗan makaɗan baka aka ɗauko karinsu, cusa su cikin aruli danniya ce kawai.

Amsa-amo bai cika ba da wahala ba: a ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyar, ƙaramin amsa-amo a ɗango huɗun farko, babba a na biyar. Ni dai na daina jinjina wa wanda ya zaɓi "ba" a matsayin amsa-amo, tunda kore magana kyauta yake ba shi ita.

Maimaitawa kuwa, rubuta "ya maimaita kaza sau shida" ƙidaya ce, ba nazari ba. Waƙoƙin wa'azi don a rera su aka yi, makafi da almajirai su haddace. Sai a duba me ya canja tsakanin zuwan kalmar na farko da na shida: lallashi ne ya koma gargaɗi, ko mawaƙi cike gurbin kari kawai yake yi?