Zamanmu a zirin Yorke, a gonar da wani mai wa'azi ya sare

Aikin uwargida ne ya kawo mu jihar Kudancin Ostireliya. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma bizar da aka ba mu irin wadda ke ɗaure mutum da zaman karkara ce na wasu shekaru kafin ya nemi takardar zama na dindindin. Shi ya sa ba mu sauka a manyan biranen da 'yan Najeriya suka yi yawa ba. Muka tare a wani ƙaramin gari a tsakiyar zirin Yorke, tafiyar kusan awa 2 a mota daga Adelaide, babban birnin jihar. Gabas teku, yamma teku, tsakiya kuwa alkama da sha'ir da adas iyakar ganin ido.

Ni ɗan manomi ne daga yankin Jibiya, kuma aikin gona na karanta, amma sai da na koma ɗan koyo. A nan ruwa yana sauka ne cikin sanyi, tsakanin Mayu da Satumba. Ana shuka a Afrilu da Mayu, a yi girbi a Nuwamba da Disamba lokacin da zafi ya kankama. Ranar da iska mai zafi ta taso daga arewa sai a kashe injinan girbi gaba ɗaya don gudun gobara, kowa ya zuba ido yana duban hayaƙi. Waɗannan duk ana koyonsu. Abin da ya fi ci mini rai a farkon zuwa shi ne shiru. Babu kiran salla, babu majalisa, ƙarfe biyar an rufe shaguna, kowa ya shige gidansa. Gaisuwar hanya ma ɗaga yatsa ɗaya ce daga kan sitiyari. Yara sun saba da makaranta nan da nan, uwarsu tana da abokan aiki, ni ne na rage ina zagaya gida.

Lokacin girbi na samu aiki a wata gona, ina jan tirelar hatsi da tarakta daga injin girbi zuwa babbar mota. Ɗan mai gonar ne yake tafiyar da ita, amma tsohon yana nan, ya haura tamanin, kullum sai ya zo bakin gona da butar shayinsa. A nan yaro ma sunan tsoho yake kama wa kai tsaye. Bakina ya kasa, sai na riƙa ce masa Baba, shi kuma ya karɓa. Shi ne ya fara lura cewa ina tsayawa salla a inuwar mota, kuma maimakon ya yi mamaki sai ya ce wa ɗansa a riƙa ba ni lokacina, domin a cewarsa gonar nan ta saba da mutanen da ke ajiye aiki saboda ibada. Daga nan labarin kakan Baba ya fito, kaɗan-kaɗan, a lokutan hutu.

Mutumin ɗan yankin Konwal ne a kudu maso yammacin Ingila, mahaƙin ma'adinai. An gano tagulla a Moonta, a arewacin zirin nan, a 1861, a daidai lokacin da haƙar ma'adinai ke ja da baya a Konwal, sai mutanen can suka yi ta kwararowa da iyalansu. Tare da su suka taho da ɗariƙar Metodis, wadda John Wesley ya assasa a ƙarni na 18. Cocin da suka gina a unguwar mahaƙa ta Moonta a 1865 har yau yana tsaye, yana ɗaukar mutum sama da 1,000. Na je maƙabartar garin, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan ƙananan kaburbura. Babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara a zirin Yorke, ruwan sha ya gurɓata a unguwannin mahaƙa, zazzaɓin taifod da maƙarau da ƙyanda suka yi ta ɗibar yara. Baba ya ce kakan nasu ya binne 'ya'ya biyu a can kafin ya yanke shawarar barin rami ya nemi gona.

Dama ta zo masa ne da dokar filaye ta 1869, wadda ake kira da sunan Strangways. Kafin ta, sai mai kuɗi a hannu yake iya sayen fili, galibi masu garken tumaki. Dokar ta ba talaka damar ɗaukar fili har eka 640 bashi, ya biya kashi 20 cikin 100, sauran bayan shekara 4. Da haka aka yanka tsakiyar zirin gona-gona, garuruwa irin su Maitland da Ardrossan da Minlaton suka tashi a shekarun 1870.

Filin da ya samu ƙurmi ne na wata itaciya da suke kira mali. Gajera ce mai rassa da yawa, amma ainihin ƙarfinta yana ƙarƙashin ƙasa, wani dunƙulen gindi mai taurin gaske wanda ko an sare ko an ƙone sai ya sake tohowa. Tone shi ɗaya bayan ɗaya ya fi kuɗin filin kansa tsada. Sai suka riƙa ɗaura wa shanu babban gungume ko tsohuwar tukunyar inji su bi ta kan ƙurmin su kwantar da shi, a bari ya bushe, a cinna wuta, a watsa iri tsakanin kututture. Garma ta yau da kullum karyewa take yi a irin wannan fili, har sai da Richard Bowyer Smith ya ƙera wata a nan zirin a 1876, wadda bakinta ke ɗagawa idan ya ci karo da kututture ya tsallake, nauyin ƙarfe ya mai da shi ƙasa. Ɗan'uwansa Clarence ya kafa masana'antarta a Ardrossan. Bayan kututture akwai dutse. Ƙasar cike take da dutsen farar ƙasa, kowace huɗa sai ta tono sabo, mata da yara suna bi suna tsincewa. Ruwan sha da na dabbobi kuwa a ganga ake ɗauko shi da amalanke daga rijiyoyi masu nisa idan tankin ƙasa ya ƙafe.

Duk wanda ya taɓa sassabe ya san ba ƙaramin mutum ne zai yi wannan ba. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da suka yi da dutsen da suka tsince. Baba ya kai ni wata mararraba, babu gida ko ɗaya kusa, sai wani ɗan gini na dutse mai tagogi dogaye. Ya ce iyalan da ke kewayen ne suka gina shi da hannunsu, alhali yawancinsu suna kwana a bukkokin itace da laka. Wani ya ba da kusurwar gonarsa, wani ya ƙona dutse ya yi farar ƙasar gini, mata suka yi ta shirya liyafar shayi ana sayen tikiti har aka biya kuɗin kwano. Ranar Lahadi coci ne, sauran kwanaki makarantar yara, da dare wurin taro.

Ba su jira an turo musu fasto ba, tsarin ɗariƙar tasu bai buƙaci haka ba. Fasto ɗaya yakan riƙe majami'u da yawa yana zagayawa a kan doki, sai a daɗe bai zo ba. Sauran ranakun Lahadi manoma da maƙera da mahaƙa ne suke hawa mumbari, bayan an jarraba su an amince da su, ba a biyan su ko sisi. Ana buga jadawali duk wata uku, kowa ya ga inda zai yi wa'azi. Kakan Baba yana cikinsu. Ya yi kwana shida yana fama da kututture, ranar Lahadi ya sa baƙar kwat ɗinsa ɗaya tilo ya kama hanya, wani lokaci wa'azin safe a wani ƙauye, na yamma a wani. Akwai kuma taron aji, wanda ya samo asali tun zamanin Wesley a Bristol a 1742: mutum kamar 12 suna haɗuwa kowane mako ƙarƙashin shugaba ɗaya, kowa ya faɗi halin da zuciyarsa take ciki, ya ba da ɗan kwabo. Wanda bai zo ba, shugaban ajin zai bi shi gida ya ji ko lafiya. A ƙasar da maƙwabcinka yake nesa da kai da tafiyar mil, inda mace za ta yi naƙuda babu ungozoma kusa, wannan bin sawu shi ne ya riƙe mutane da yawa.

Suna da tsauri. Ba giya, ba caca, ba rawa, kuma ranar Lahadi ko alkama ta nuna hadari ya haɗo ba a taɓa ta. Baba ya ce har zamanin ƙuruciyarsa mahaifinsa bai taɓa tayar da inji ranar Lahadi ba. Ni da na tashi a gidan da ake barin garma a kunya idan an kira salla, ban ga abin dariya a nan ba, na ga mutanen da suka yarda cewa arziki ba wayonsu ne yake kawo shi ba. Irin wannan hali ya fito a wurin John Ridley, mai injin niƙa kuma mai wa'azi a ɗariƙar, wanda aka san shi da injin zage kan alkama na 1843 da ya ceci girbin jihar lokacin da babu ma'aikata. Bai yi wa injin rajistar mallaka ba, ya bar kowa ya ƙera.

Ba kowa ne ya tsira ba. A 1865 babban jami'in safiyo George Goyder ya ja layi a taswira, ya ce arewa da shi ruwan sama ba abin dogaro ba ne ga noma, sai kiwo. Layin ya ratsa kusa da Moonta. Da aka samu shekaru masu albarka a 1870 da wani abu, sai manoma suka matsa wa gwamnati ta buɗe arewa, ƙanen kakan Baba yana cikin waɗanda suka tafi. Farin da ya fara a 1880 ya kore su, har yau kangayensu na dutse suna nan a hanyar tsaunukan Flinders, har da na majami'u. Da na ji wannan sai na tuna dangin mahaifiyata a Maraɗi, da dokar Nijar ta 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da yadda shekarar ruwa ɗaya take ruɗar manomi ya haura ya shuka gero a makiyaya. Waɗanda suka tsaya kudu ma sun sha wuya, domin ƙasar ta gaji bayan an yi ta noma alkama ba taki, sai a shekarun 1890 da aka fara zuba takin supa tare da iri amfanin ya farfaɗo.

Akwai ɓangaren da Baba bai fara da shi ba, ni na tambaya. Filin nan kafin dokar 1869 na wane ne? Ya yi shiru, sannan ya ce na mutanen Narungga ne. Su ne 'yan asalin zirin tun dubban shekaru, su suka san rijiyoyi da maɓuɓɓugan da baƙi suka zo suka killace. Ba a saya a hannunsu ba, ba a nemi izininsu ba. Waɗanda cututtuka da kora suka bari aka tara su a Point Pearce, inda aka kafa mishan a 1868. Sai a 2023 kotun tarayya ta amince da haƙƙinsu na asali a kan yankin. Ina girmama kakan Baba, kuma ina ganin mutum mai karanta littafin Allah kowane dare ya kamata a ce ya tambayi kansa wannan. Ni ma da nake karɓar albashi daga gonar tambayar ba ta tsallake ni ba, shi ya sa nake koya wa yarana sunan masu ƙasar tun yanzu.

Yau yawancin waɗannan ƙananan majami'u an rufe su. Gonaki sun haɗe, inji ɗaya yana aikin mutum hamsin, matasa sun tafi birni. Ɗariƙar kanta ta shiga haɗakar Uniting Church a 1977. Wasu gine-ginen an mai da su gidajen kwana, wasu rumbun ciyawa. Na mararrabar nan Baba ne yake riƙe da makullinsa, yana zuwa ya share.

Masallaci mafi kusa da mu yana Adelaide. Akwai ma tsohon da masu raƙuma 'yan Afghanistan da arewacin Indiya suka gina a ƙarshen shekarun 1880, su ma da kuɗin aljihunsu. Da can sai dai in jira ranar da babu aiki in kama hanya. Bayan na ji yadda waɗancan manoma suka yi, sai na fara tambaya a asibiti da gidajen mai ko akwai Musulmi a garuruwan kewaye. Ashe akwai: likita daga Pakistan, makanike daga Sudan, wasu 'yan Bangaladesh, kowa a ɓoye cikin kaɗaicinsa. Ba mu kai mutum 12 da Malikiyya ta shardanta wa Juma'a ba, kuma ba mu da ginannen masallaci, don haka na ce mu fara da abin da babu saɓani a kansa. Muna haɗuwa ranar Asabar da yamma gida-gida bisa jadawali, mu yi Magariba da Isha'i cikin jam'i, a ci abinci, uwargida ta biya wa yara karatu. Wanda bai zo ba, mai masaukin wannan makon ne zai kira shi a waya.

Yanzu falo ya fara yi mana kaɗan, mun rubuta wa ƙaramar hukuma takarda muna neman hayar ɗaki a zauren taron gari, da kuma a keɓe mana wani sashe a maƙabarta mai fuskantar alƙibla. Baba ne ya nuna mini yadda ake tsara irin wannan takarda, ya kuma sa hannu a matsayin mai goyon baya.