Godiya bayan wata 17: sakamakon Auta ya fito

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Ranar Talatar nan da ta wuce na karɓo sakamakon gwajin jinin Auta. Ba ta ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, kuma allurar rigakafin da aka yi mata ta kama, jikinta ya yi garkuwa. Ban iya buɗe takardar a gaban mai gwajin ba. Sai da na fito na sami benci na zauna, na ɗora yarinyar a cinya, sannan na warware ta hannuna yana karkarwa. Alhamdulillahi. Wata 17 ke nan rabona da barci mai nauyi, tun ranar da na je awon farko na cikinta.

Na yi ta saƙa da warwara kan ko in rubuta wannan ko in bar wa cikina. Amma akwai mutanen da ke bina bashin godiya, kuma babu yadda za a yi in faɗi abin da suka yi min ba tare da na faɗi ciwon ba. To, ni ce mai shi. Ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ina shan magani kullum, ina aikina, ina renon 'ya'yana. Wanda zai guje ni saboda wannan, Allah ya raka taki gona.

Bayan Allah, wadda zan fara ambata ko sunanta ban sani ba. Sista ce a ɗakin awo, dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta jero min gwaje-gwaje a takarda, na duba na ce a cire min na hanta, tunda lafiyata lau, idona bai taɓa yin ɗorawa ba, ban san shawara ba sai a jikin wani. Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, “'Yata, hanta ba ta ƙorafi. Ranar da za ta yi magana, aiki ya riga ya ɓaci. Je ki a ɗiba.” Na tafi ina ƙunƙuni. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, gwajin da suke kira HBsAg, kuma ko rabin awa ba a yi ba aka kira ni gefe. Sista, na yi miki rashin kunya a ranar. Ki yafe ni. Da kin biye min, da yau labarin Auta daban ne.

Sai likitan da ya karɓe ni. Na shiga ofishinsa ina ganin kamar an riga an yanka min likkafani, shi kuwa ya jawo takarda ya zana min hanta kamar mai koya wa ɗan firamare. Ya ce ƙwayoyin ciwon hanta nau'i biyar ne. Nau'in A da na E ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukarsu, yawanci su yi kwanakinsu su wuce. D ba ta iya zama sai a jikin da B ta riga ta shiga. B da C su ne masu zaman dirshan, ta jini suke bi, su yi shekara 20 ko 30 suna cin hanta a ɓoye har ta yi tabo ta ƙandare, wani lokacin ta rikiɗe ta zama sankara. Ya tura ni gwaji na biyu, mai ƙirga yawan ƙwayar a jini. Nawa ya haura 200,000, wato matakin da ake tsoron uwa ta ba jariri ko da an yi masa allura. Saboda haka ya ɗora ni a kan tenofovir daga mako na 28 na cikin, ƙwaya ɗaya a rana.

Ina shirin tashi ya yi min tambayar da ban zata ba. “Mahaifiyarki tana raye? Ku nawa ta haifa? Kina da wasu 'ya'yan?” Ya ce mai B da yawa tun ranar haihuwarsa ya same ta. Babban mutum idan ya kamu, jikinsa kan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zame wa ta dindindin. Jariri kuwa kusan 9 cikin 10 ne ke zama da ita iya rayuwa. Ya ce kowa a gidan ya je a gwada shi.

Mu biyar Umma ta haifa. An gwada mu, uku muna da ita, ita ma Umma tana da ita. Aka gwada babban yarona mai shekara biyar. Yana da ita.

Wannan shi ne wurin da har yanzu alƙalamina ke tsayawa. A gida na haife shi, ban je awo ba sai sau biyu, ba wanda ya ce min in yi wannan gwajin, allurarsa ta farko kuma sai da ya yi mako shida. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Auta, nono ɗaya suka sha. Abin da ya raba su shi ne ɗigon jini a ɗan yatsa, da ƙwaya ɗaya kullum, da allura a ranar haihuwa. Yaron lafiyarsa ƙalau, yana guje-gujensa, likita ya ce ba a sa shi a magani ba tukuna, za a riƙa duba shi duk wata shida. Amma idan yana barci nakan zauna in yi ta kallonsa.

Daren da sakamakonmu ya fito, Umma ta kira ni ɗakinta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta ce, “Ashe ni na ba ku.” Na ce, “Umma, to ni wa ya ba jikanki?” Muka yi kuka har muka gode Allah. Umma, na faɗa miki a ɗaki, ina so in sake faɗa a bainar jama'a: ba ki da laifi. Da kin sani, da ranki za ki tare mana. Na gode da kika daure kika je asibiti, ke da ko allurar zazzaɓi sai an yi daru. Tafiyarki ce ta sa sauran suka bi.

Yaya Babba shi abin ya fi yi wa illa. Shekara biyu yana fama da kasala da kumburin ciki, yau a ce taifot, gobe a ce olsa, ya sha magani har ya gaji. Ba wanda ya ce a duba hanta. Da aka yi masa hoton ciki aka tarar ta fara ƙandarewa. Yanzu shi ma yana kan tenofovir, ƙwayar ta kwanta har gwaji ba ya ganinta, kumburin ya sauka. Maganin ba ya fitar da B daga jiki gaba ɗaya, danne ta yake yi, shi ya sa ba a dainawa da ka. Duk wata shida ana sake yi masa hoto don a tsare sankara tun tana ƙarama, idan ma za ta zo. Saboda halin da yake ciki ne likita ya ce ni ma kada in ajiye maganin bayan haihuwa. Anti, matar Yaya, ke kika san wahalar da kika sha. Ke kika tsaya a bakin ƙofa kika mayar da duk gorar haɗe-haɗen da masu zuwa dubiya suka riƙa kawowa, kina jin ana ce miki mai baƙin hali. Likita ya ce duk abin da mutum ya haɗiya sai ya ratsa ta hanta, kuma hantar da ta gaji ba a ƙara mata kayan da ba a san abin da ke ciki ba. Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Baban yara, kai kuma ban san ta inda zan fara ba. Ranar da na gaya maka na shirya jin komai, don na san ana ɗaukar ciwon ta hanyar kwanciyar aure, na kuma san irin fassarar da mutane ke yi wa hakan. Abin da ka ce shi ne, “Ƙarfe nawa suke buɗewa gobe?” An gwada ka ba ka da shi, ka yi allura uku cikin wata shida, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Ka raba wa kowa a gidan abin yanke farcensa da buroshinsa, ka sayi injin askinka da na yaron daban-daban, bayan ka ji cewa ƙwayar na iya yin mako guda da ranta a busasshen jini. Kuma ko sau ɗaya ban ga canji a fuskarka ba.

A fuskokin wasu na gani. Akwai gidan da na je aka ware min kofi. Akwai wadda ta janye ɗanta daga jikina wai kada zufata ta taɓa shi. Akwai maganar da aka yi a bayana wadda ba zan maimaita ba. Ban riƙe kowa ba, ni ma da a wancan lokacin aka ce min wance na da ciwon hanta, ban san yadda zan yi ba. Hajiya surukata ce ta kashe maganar. Rannan gida cike da mata, ta jawo kwanona gabanta ta sa hannu, ta ɗauki kofin da na sha ta shanye sauran, ta ce, “Na tambayi likita da bakina. Ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a zufa, ba a ɗauka a gaisuwa ko tari. Wadda ta fi likita sani ta faɗa min.” Ba wadda ta tanka. Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya ja da rai.

Naƙuda ta zo min da tsakar dare. Ni ina ta kaina, amma ungozomar da ke aiki ta ga jan biron da aka zagaye katina da shi. Allurar farko dole ne a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, kuma gwargwadon saurin yi gwargwadon amfaninta. Ba ta jira gari ya waye ba, ta je ta taso mai riƙe da makullin firjin. Auta na da awa biyar a duniya aka yi mata a cinya ɗaya, aka yi mata ta biyu a ɗaya cinyar, wadda suke kira HBIG, garkuwar aro ce da ke riƙe jariri kafin tasa ta tsiro. Ita wannan ƙannena ne suka haɗa kuɗinta tun ina wata takwas, ba tare da na roƙa ba. Na tambayi ungozomar ko in ba da nono, ta ce, “Ba ta abinta.” Sauran alluran an yi su a kan lokaci. Gwajin tabbatarwa ba a yin sa kafin wata tara, to wannan jiran ne ya ƙare ranar Talata.

Ina gaida abokan layi, matan da muke haɗuwa a bencin asibiti. Musamman wata baiwar Allah da ta samu nau'in C daga ƙarin jinin da aka yi mata shekaru da yawa da suka wuce. Ita ta fara ba ni dariya a wurin nan. C ba ta da allurar rigakafi, amma tana da magani mai warkarwa: mako 12 ta yi tana shan sofosbuvir da daclatasvir, aka sake gwaji aka ce babu. Sama da 95 cikin 100 na masu shan irin wannan magani suna rabuwa da ciwon. Ta warke amma ba ta daina leƙo mu ba, wai ta saba da hirarmu.

Akwai ma wanda ban taɓa gani ba kuma ba zan gani ba. A bangon ɗakin jira akwai takardar Ranar Ciwon Hanta ta Duniya, 28 ga Yuli. Zaman jira ya sa na bincika dalilin zaɓen ranar, ashe ranar haihuwar Baruch Blumberg ce, likitan Amurka da ya gano ƙwayar B, ya sami kyautar Nobel a 1976. Allurar kuwa tun 1982 ake amfani da ita. Ta girme ni. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai: abin da zai kare ni yana duniya tun kafin a haife ni, bai dai iso ɗakin da aka haife ni ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 ke ɗauke da C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a 2022, wato kimanin 3,500 kowace rana. Cikin masu B, 13 cikin 100 ne kawai suka san suna da ita. Shekara 30 da ɗoriya ina cikin sauran 87 ɗin, ina cewa lafiyata lau.

Waɗanda suka kira, da waɗanda suka zo, da waɗanda suka yi mana addu'a ba mu sani ba, Allah ya bar zumunci. Ƙawayena huɗu da suka je suka yi gwaji bayan na ba su labari, kun faranta min fiye da duk wata kyauta. Ku ci gaba da sa Yaya Babba a addu'a, hotonsa na gaba watan gobe ne.

Saura mutum ɗaya da ban gode wa ba tukuna. Kawu, ciki ɗaya kuka fito da Umma, kuma sau uku ana sa rana kana cewa kai ba ka da komai. Na san su Anti za su karanta maka wannan. Ranar Litinin da sassafe ina ƙofar gidanka da Auta a baya, kuma ba zan zauna ba sai ka sa hula.