Soja a Shafin Farko

Ina jiran mota a Obalende ta Legas, daf da barikin Dodan, jama'a sun yi cincirindo a teburin mai jarida. Shafin farko: soja ya zane direban motar haya ta danfo. Wani dattijo ya ce, "Ai duk halinsu ɗaya." Raina ya sosu, don ƙanena soja ne, yana Borno tun bara. Maƙwabciyata a Agege kuwa, da ta hango kaki sai ta janye ɗanta gefe.

Ban ce a ɓoye harbin masu zanga-zanga a Lekki a 2020 ko bam ɗin da sojoji suka jefa wa masu Mauludi a Tudun Biri a 2023 ba, wallahi a rubuta, a hukunta. Amma sojojin da aka kashe a Metele ta Borno a 2018, wa ya riƙe sunan ko mutum ɗaya cikinsu?