Godiya bayan hannun ɗana ya dawo

Assalamu alaikum. Ranar Juma'ar da ta wuce ɗana ya ɗaga wuyan hannunsa na dama da kansa, karo na farko cikin wata huɗu, shi ya sa na ga ya wajaba in fito in yi godiya ga Allah, sannan ga bayinsa da suka tsaya mana.

Waɗanda suka san mu a Mabera sun san cewa ya faɗo daga kan kabu-kabu ya karye a damtse. Ƙashin ya haɗe, amma wuyan hannun ya saki, ko cokali ba ya iya riƙewa da kyau.

Babbar godiyata tana ga likitan da ya duba shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin bai tsaya ga rubuta magani ba, sai da ya ɗauki takarda ya zana mini abin da ya faru. Ya fara da raba mini jijiyar jini da jijiyar saƙo, waɗanda mu Hausawa muke kira da suna ɗaya. Ya ce ƙwayar halittar jijiyar saƙo tana da uwar jiki, da ƙananan rassa masu karɓar saƙo, da zare guda ɗaya dogo mai fitar da shi. Uwar jikin ƙwayoyin da ke motsa hannu tana can cikin laka a wuya, zarenta kuma ya miƙo har cikin tsokar hannu, lulluɓe da wani kitse mai kama da robar wayar lantarki, wanda ke sa saƙo ya yi gudun da zai iya kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu tana zagaye ƙashin damtse ne a manne da shi, don haka karayar ta matse ta. Zaren da ke ƙasa da wurin raunin ya mutu, amma uwar jikin tana raye, kuma za ta sake tura sabon zare ta cikin tsohon kwasfan, kimanin milimita 1 kowace rana.

Wannan milimita ɗayan ne ya riƙe ni. Duk lokacin da aka zo mini da shawarar a kai shi wurin mai ɗori a sake murza hannun, cikin kyakkyawar niyya kuwa, sai in lissafa kwanaki in yi haƙuri. Likitan ya kuma gaya mini cewa zaren da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka ba ya sake tofowa haka, a nan na gane girman sauƙin da Allah ya yi mana.

Ina godiya ga ma'aikatan gashin ƙashi da suka ɗaura masa abin tallafe wuyan hannu, suka riƙa motsa gaɓoɓin don kada su sandare kafin jijiyar ta iso. Ina godiya ga Inna da ta kwana da shi a asibiti, da Kawu da ya ɗauki nauyin hoton ƙashi, da malamansa da suka bar shi ya yi jarrabawa da baki, da maƙwabtan da ba su gaji da zuwa dubiya ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Babban yatsansa bai fara miƙewa ba tukuna, kuma likita ya ce tsokarsa tana nesa da wurin raunin, sai jijiyar ta ƙarasa can. Muna roƙon ku ci gaba da sa shi cikin addu'a.