Muryar da ke zagina a kan tabarma

Ciwon baya ne ya kai ni yoga, motsa jikin nan na miƙe gaɓɓai da sarrafa numfashi, ba wani neman sanin kai ba. Na yi shekaru ina wuni a gaban kwamfuta, ƙugu ya sandare, ko igiyar takalmi zan ɗaura sai na yi nishi. Ajin da na samu na salon Kripalu ne, kuma a lokacin ban san abin da ya raba shi da sauran ba. A ganina duk miƙe-miƙe ne.

Ranar farko malamar ta ce mu tsaya, mu sunkuya a hankali, hannuwa su sauka inda suka ga dama. Nawa suka tsaya a gwiwa. Matar da ke gefena, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, tafukanta na shimfiɗe a ƙasa. Sai na cije leɓe na danna, jijiyoyin bayan cinyata suka ɗauki zafi kamar za su tsinke. Malamar ba ta zo ta gyara ni ba. Cewa kawai ta yi, ga kowa da kowa: "Ku saurari abin da kuke gaya wa kanku yanzu." Na kasa kunne. Abin da na ji bai yi daɗi ba: rago kawai, ka bar jikinka ya lalace, dubi dattijuwa ta fi ka. Da wani ne ya gaya mini haka ido da ido, da ranar mun raba gari. Amma ni na yi shekaru ina gaya wa kaina, ban taɓa lura ba.

Daga baya na bi diddigin sunan. Kripalu a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, na nufin mai tausayi, kuma an ɗauko shi ne daga sunan Swami Kripalvananda, wani malamin yoga ɗan jihar Gujarat ta Indiya, wanda ya rayu daga 1913 zuwa 1981. Ɗalibinsa Amrit Desai ne ya kai koyarwar Amurka, kuma tun 1983 babbar cibiyarsu tana Stockbridge a jihar Massachusetts. Jigon abin da suke koyarwa shi ne mutum ya kalli kansa ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ba. Suna kiran wannan zama shaida: kana ganin zafin, kana ganin haushin, amma ba ka hau kujerar alƙali ba. Akwai kalmomi biyar da ake maimaita mana har suka zauna mini a ka: numfasa, saki jiki, ji, lura, ƙyale.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini kusan wata biyu. Na ɗauka tausayi lasisin lalaci ne. Da zarar tsayuwa ta fara wuya sai in sauka, in ce ai jikina nake saurara. Ƙarya nake. Tsoron wahala nake saurara.

Abin da ya fallasa ni shi ne mataki na biyu cikin matakai uku na salon, inda ake riƙe tsayuwa ɗaya na tsawon lokaci. Ƙafa ɗaya a gaba an lanƙwasa gwiwa, ɗaya a baya a miƙe, hannuwa a buɗe. Kafin numfashi na biyar cinyata ta fara rawa. Zuciya ta ce sauka. Na yi abin da aka koya mana, na ja numfashi, na saki kafaɗun da ban san na ɗaure ba, na tambayi kaina a ina takamaimai abin yake. Ashe ba a gaɓa yake ba, a tsokar cinya yake, zafi ne mai faɗi, mai ɗumi, yana zuwa yana komawa. Wannan ana iya zama da shi. Daban yake da wanda na ji wata rana a cikin gwiwa, siriri mai suka kamar allura, wanda ya kamata in tsaya nan take amma girman kai ya hana ni, na yi mako biyu ina ɗingishi. Da can duk biyun sunansu ɗaya a wurina, ciwo. Ko dai in guje su duka, ko in take su duka.

Mataki na uku, wanda suke cewa jiki na motsi da kansa cikin natsuwa ba tare da an tsara masa ba, ban kai can ba, kuma gaskiya har yanzu ina ɗan ɗaga gira idan ana labarinsa.

Wani abu a tarihinsu ya ƙara mini yarda da su, ko da yake abin kunya ne. A 1994 Desai ya sauka daga shugabanci bayan ta bayyana cewa yana lalata da wasu mata mabiyansa. Cibiyar ba ta naɗa wani shugaban ruhi a gurbinsa ba, ta koma makarantar koyarwa. Shi ya sa, ina jin, malamarmu ba ta son a ɗauke ta gwana. Ka tambaye ta ko ka yi daidai, sai ta mayar maka: "Kai me ka ji?" Da farko wannan na ba ni haushi, don ni amsa na zo nema.

Ciwon bayan ya yi sauƙi, ko da yake bai bar ni gaba ɗaya ba. Hannuwana yanzu suna kaiwa ƙwauri, ƙasa kuwa sai dai kallo. Muryar nan ma ba ta tafi ba. Makon jiya na aika wani saƙon aiki da kuskure a ciki, kafin in ankara ta taso: kai dai ba ka taɓa yin abu daidai. Na ji wuyana ya ɗaure, kafaɗu sun hau har kunne. Na ja numfashi uku, na sauke su, na gyara kuskuren, na sake aikawa.