Daga Masaka zuwa Idu: abin da aikin kula da ma'aikata ya koya mini

Duk wanda ke ɗaukar ma'aikata a rukunin masana'antu na Idu da ke Abuja, ko ya yarda ko bai yarda ba, rabin aikinsa harkar mota ce. Ni jami'ar kula da ma'aikata ce a wani kamfanin roba da ke wurin, muna buga bokitai da jarkoki da kujeru. A takarda, aikina ɗaukar mutane ne da horar da su da lissafin albashi. A zahiri kuwa, yawancin maganganun da ake shigo mini da su ofis, in aka bi diddiginsu, a bakin titi suka samo asali: makara, fashin Litinin, neman bashi tun wata bai raba ba, ajiye aiki ba sallama.

Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya kama ɗaki a cikin Abuja, wannan kowa ya sani. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 garin ke tura talakansa baya, rusau ɗin zamanin El-Rufai kuma ya ƙarasa aikin. Mutanenmu sun kasu gida biyu. Wasu na kwana a gabas, a Mararaba da Ado da Masaka, cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Wasu a arewa maso yamma, Suleja da Madalla, cikin Jihar Neja. Waɗanda ke Karmo da Gwagwa da Dei-Dei su ne masu sa'a, kuma ba su da yawa. Kenan kowace safiya ma'aikatan kamfani ɗaya suna tasowa daga ƙarƙashin gwamnatoci uku, babu kuma ɗaya daga cikin ukun da ke ganin tafiyar nan tata ce daga farko har ƙarshe.

Abin da na fara ganewa shi ne, duk motocin haya a Abuja tsakiyar gari suke kallo. Berger, Wuse, Area 1, Sakatariya. An tsara zirga-zirgar ne don ma'aikacin gwamnati mai shiga ofis ƙarfe takwas. Mu kuwa a ɗaya gefen muke, kuma aikin safe a wajenmu ƙarfe bakwai yake farawa. Mai tasowa daga Masaka sai ya keta garin gaba ɗaya: mota zuwa Nyanya ko mahaɗar AYA, wata zuwa Berger, wata zuwa Jabi ko Life Camp, sannan Keke Napep ko acaɓa ya shigo da shi cikin Idu. Kowace sauka kuɗi ce, kowace hawa kokawa ce. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 aka kori ƙananan bas-bas ɗin nan da ake ce wa araba, aka ce manyan motocin gwamnati za su maye gurbinsu. Manyan motocin ba su taɓa wadatar da jama'a ba. Giɓin da aka bari, motocin gida masu ɗaukar fasinja a hanya ne suka cike shi, a cikinsu kuma ƴan wan cans, ɓarayin da ke fakewa da ɗaukar fasinja, suke ɓuya.

Na taɓa kwana a Mararaba wajen wata ƴar uwata don in ga abin da idona. Kafin a kira assalatu titi ya riga ya cika. Mutane tsaye a gefen kwalta, kowa ya rungume jakarsa a ƙirji, masu kunu da ƙosai sun kunna fitilar caji. Mota ba ta gama tsayawa ake rufe ta. Gaba mutum biyu, baya huɗu, wani lokaci har da na biyar a kan cinya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya cire hularsa ya cusa a aljihu kafin ya shiga turmutsutsun, alamar ya saba. Daga gadar Nyanya zuwa hawan Kugbo motoci jan ciki suke yi, wasu maza sun sauka sun yi sallar asuba a gefen hanya sun dawo sun tarar motarsu ba ta yi nisa ba. Wanda ya sha wannan kafin ya iso, shi ne za mu tsayar a gaban injin narka roba awa takwas, mu ce kada hankalinsa ya rabu.

Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lamarin ya tashi daga wahala ya koma lissafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja cikin kwana biyu, ta kai 617 a watan Yuli, a Oktoban 2024 ta haye dubu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma kuɗin mota ya riga shi isa. Wani yaro mai hannu sosai, wanda muka koya wa saita mazubin roba har ya fi wasu tsofaffi, ya zo ya tsaya a bakin ƙofata. "Anti, ba wai aikin ne ba na so ba," in ji shi. "Na zauna na buga, direbobi nake yi wa aiki. Gara in tsaya unguwa in riƙe POS ɗin yayana." Na ce ya ba ni mako guda in yi magana da manaja. Ya ce, "Anti, ko an ƙara, su ma ƙarawa za su yi." Ban sami abin ce masa ba.

Ƙarin alawus ɗin mota shi ne abin da kowane manaja ke fara tunani, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Ba ya rage sauka da hawa, ba ya rage makara. Sayen bas na kamfani kuma ba ya ɓullewa ga matsakaicin kamfani irin namu, domin mutanenmu a warwatse suke: bas ɗaya ba za ta je Masaka ta je Suleja a asuba ɗaya ba, in kuma ka ware wa kowane ɓangare tasa, rabin kujerun iska za su ɗauka.

Mafitar da muka samu daga maƙwabta ta fito. Akwai masu ruwan leda a bayanmu, akwai masu kayan katako a tsallaken layi, kuma ciwonmu iri ɗaya ne. Muka haɗa sunayen ma'aikata da unguwanninsu, ba tare da albashi ko muƙami ba, don kowa na tsoron a ga sirrinsa. Da aka jera su a kan taswira sai ga layi biyu sun fito da kansu, ɗaya daga Masaka, ɗaya daga Suleja ta Madalla da Zuba da Dei-Dei ya biyo tsohuwar hanyar Gwagwa. Muka yi hayar bas-bas ƙirar kosta, kowane kamfani na biyan kujerun da ya kama, ko an zauna ko ba a zauna ba, ma'aikaci kuma ana cire masa wani abu kaɗan a albashi.

Kuɗin bai ba mu wuya kamar lokaci ba. Kowane kamfani yana da sa'ar da ya gada, kuma kowane manaja gani yake tasa ce daidai. Sai da aka yi zama a kan zama kafin masu katako su yarda su dawo da shigarsu baya da rabin awa, mu kuma mu daina riƙe mutane bayan tashi da sunan a ƙarasa oda. Wannan na biyun shi ya fi amfanar ma'aikata, ko da yake ba don su aka yi ba: da zarar sufabaiza ya san bas za ta tashi ƙarfe huɗu da rabi da shi ko ba shi, sai ya koyi tsara aikinsa.

Sai kuma ƴan yuniyan, wato ƙungiyar direbobin tasha. Ba a ɗaukar fasinja a Mararaba a bayan idonsu, ko da fasinjan naka ne. Na je tasha da kaina na zauna da wani dattijo daga cikin shugabanninsu, a kan benci, ƙarƙashin rumfar kwano, yana ta amsa gaisuwar direbobi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƴata, ba mu ƙi ba. Amma mota daga wajenmu za ta fito, direba namu. In ya yi ba daidai ba, kin san inda za ki same ni." Na ce, "Baba, in ya makara fa?" Ya ce, "A cire a kuɗinsa, ki gaya mini in ƙara masa da nawa." Mutane da yawa a ofisoshi suna ɗaukar ƴan tasha a matsayin matsala kawai. Ni dai a harkar nan su kaɗai na samu da ke da mutum a kowace mahaɗa daga Keffi har Suleja, kuma maganarsu tana tsallaka iyakar jiha ba tare da an rubuta wasiƙa ba.

Ta fuskar horarwa, bas ɗin ta canja abin da ban zata ba. A da, kowa na ɗari-ɗarin koyar da sabon yaro, saboda ka gama kashe masa wata da watanni sai maƙwabcinka ya ƙara masa ƴan dubbai ya ɗauke shi, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Doka ta ɗora wa kamfanoni irin namu biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa tun 1971, kuma ana iya karɓo har rabin kuɗin idan ka nuna shaidar ka yi horo bisa ƙa'ida. Da yawa biya kawai suke yi kamar haraji, su manta. Da muka saba zama tare saboda mota, sai muka fara haɗa aji ɗaya a kan abubuwan da kowa ke buƙata: kiyaye haɗari, wutar lantarki ta masana'anta, kula da janareta, tuƙa fokilif mai ɗaga kaya. Muka kuma yi alkawari na baka cewa wanda aka horar tare, ba a zawarcinsa sai ya cika shekara. Alkawarin yana ɗingishi wani lokaci, amma ya fi babu.

Na kuma daina raba tallan aiki ko'ina. Yanzu inda bas ke bi nake nema, ta hannun masu unguwa da limamai da fastoci da masu koyar da sana'a a Masaka da Madalla. Wannan yana da nasa rashin adalcin, domin yaron Kuje ko Gwagwalada da ya cancanta ba ya ma jin labari, kuma ina sane. Ribar da ta fi faranta mini rai ita ce mata. A da su ne farkon masu tafiya, ba don gazawa ba, sai don babu uban da zai bar ƴarsa ta tsaya a bakin titi ƙarfe biyar na asuba tana tare motar da ba ta sani ba. Da iyaye suka ga mota ɗaya, direba ɗaya, wurin tsayawa ɗaya, sai suka sake. Sashen tattara kaya da duba inganci yanzu kusan nasu ne.

Ana yawan tambayata, ba ga jirgin ƙasa a Idu ba? Akwai. Daga nan jirgin Kaduna ke tashi tun 2016, kuma nan ce mahaɗar jirgin cikin gari da Buhari ya buɗe a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, Tinubu ya sake buɗe shi a Mayun 2024. Reshe ɗaya ya tafi tsakiyar gari, ɗaya filin jirgin sama, ɗaya ya bi Gwagwa da Dei-Dei zuwa Gbazango ta wajen Kubwa. Ƴan Kubwa cikinmu suna morarsa idan lokacinsa ya dace da namu. Amma layin bai leƙa gabas ba ko kaɗan, inda cunkoson yake, kuma ya tsaya bai kai Zuba ba balle Suleja. An shimfiɗa shi ne iya cikin iyakar Babban Birnin Tarayya, alhali masu buƙatarsa a bayan iyakar suke kwana. Sabbin tashoshin mota na Kugbo da Mabushi ma duk a ciki suke.

A nan ne ƙoƙarin kamfanoni ke ƙarewa. Mu za mu iya cika kosta, ba za mu iya ware wa bas layinta a titin Keffi ba, ba za mu iya hana kasuwa cin rabin kwalta a Madalla ba. Kuma ba gaskiya ba ne a ce jihohin ba su da abin samu. A dokar harajin albashi, inda ma'aikaci yake zaune nan ake kai harajinsa, ba inda yake aiki ba. Duk wata ina raba jadawalin gida uku, na Abuja, na Lafiya, na Minna. Duk yaron Masaka da ya riƙe aikinsa a Idu har albashinsa ya kai na biyan haraji, Nasarawa ce ke ci. Duk wanda ya ajiye saboda kuɗin mota, ita ta yi asara. Ban ga alamar ana yin wannan lissafin ba a lokacin da ake yanke shawarar inda za a zuba kwalta.

Legas da Ogun, da suke da irin wannan zama, sun rattaba hannu a 2021 kan kafa hukumar raya yankunan iyakarsu tare, kuma layin jirgin ƙasa na Legas da ake kira Jan Layi ya tsallaka har Agbado cikin Ogun. Ba na cewa sun gama warware tasu, amma aƙalla akwai teburin da za a kai ƙara. Mu a nan, direban bas ɗinmu na Suleja yana yawo da takardu da sitika na hukumomi daban-daban manne a gilashi har sun kusa tare masa gani, kuma duk da haka akwai ranar da za a tsare shi a ce saura ɗaya, mutane talatin na zaune a ciki suna kallon agogo.

Da za a tara ministan Abuja da gwamnonin Nasarawa da Neja a ba ni minti biyar, ba zan fara da jirgi ba, wannan maganar biliyoyi ce da shekaru. Zan roƙi takardar izini guda ɗaya ga motocin ma'aikata wadda za a girmama daga Keffi zuwa Suleja, da layin bas daga ƙarfe biyar zuwa tara na safe tsakanin Mararaba da AYA, da ƙaramar mota mai zagaye daga tashar jirgin Idu zuwa ƙofofin masana'antu a lokutan canjin aiki. Na ukun ma mun fara tattauna yadda za mu yi shi da kanmu, abin da ya rage shi ne masu ruwan leda suna aikin dare mu ba ma yi, kuma har yanzu ba a daidaita kan wanda zai biya zagayen ƙarfe goma ba.