Abin Da Ke Sa Aikin P2V Tafiyar Hawainiya

Cikin ayyukan da ƙaramin kamfaninmu na Ikeja ke yi wa ofisoshin sufuri na Apapa da 'yan kasuwar Agege, akwai kwashe tsohuwar saba (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis), da Windows ɗinta da manhajojinta da bayananta, a mayar da ita kwamfuta marar jiki da ke zaune cikin sabuwar na'ura. Shi ne masu sana'a ke kira P2V. Ƙorafin da muka fi ji shi ne an kunna VMware Converter, manhajar da ke yin wannan kwashewa, tun la'asar, gari ya waye bai kai rabi ba.

Kafin a zargi manhaja, a yi lissafi. Layin megabit 100 ba ya wuce megabait 11 zuwa 12 a daƙiƙa, don haka gigabait 500 za su ci kusan awa 13. A layin gigabit kuwa, awa ɗaya da rabi ta isa. Sau da yawa katin sadarwar gigabit ne, suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutoci) ma haka, amma wayar ce ta ci amana. Gigabit na buƙatar siraran wayoyi takwas ɗin da ke cikin wayar duka su yi aiki. Ɗaya ta tsinke ko aka matse kan da ganganci, sai layin ya sauka zuwa 100 shiru, fitila na ci kamar komai lafiya. Mu dai sabuwar waya samfurin Cat6 muke zuwa da ita daga kasuwar Computer Village, mu jona na'urorin biyu a suwic guda, ba ma yarda bayanai su ratsa rauta ko Wi-Fi.

In waya ta fita daga zargi, sai ɓoye bayanai. Tun daga siga ta 5.0, Converter na lulluɓe abin da yake turawa da SSL, tsarin da ke hana wani karanta bayanai a hanya, tsohuwar saba mai raunin furosesa kuwa nan take galabaita. A buɗe fayil ɗin converter-worker.xml, a nemi useSsl a ƙarƙashin nfc, a mayar da true zuwa false, sannan a sake tayar da sabis ɗin Worker. A layin cikin gida da aka amince da shi kaɗai ake yin wannan, kuma a mayar da shi yadda yake bayan an gama.

Wurin da mutane suka fi jawo wa kansu wahala shi ne rage girman faifai. Idan aka bar shi yadda yake, manhajar na kwasar sa tubali-tubali a jere. Da zarar an ce a rage, sai ta koma ɗaukar fayil ɗaya bayan ɗaya, kuma ofishin da ya tara dubban ƙananan takardun rasit na shekaru zai kwana biyu yana jira. Gara a kwashe shi ɗungurungum, a rage daga baya.

Idan kuma saurin na tafiya daidai sai ya cije a kaso guda kowane lokaci, faifan ne ke da miki. A duba rahoton SMART, wanda ke nuna lafiyar faifai, a tabbatar akwai ajiyar bayanai a gefe, sannan a gudanar da chkdsk /r, umarnin Windows na binciken faifai, domin faifan da ya gaji yana iya mutuwa ana tsakiyar gwajin. A dakatar da antibairos da manhajar rumbun bayanai ta SQL da duk wani aikin ajiya na dare. Ɓangaren da ke karɓa ma a leƙa shi: katin RAID mai sarrafa faifan saba, idan batirinsa ya mutu, yakan kashe ma'ajiyarsa ta wucin gadi, rubutu ya koma jan ciki.

Sai batun wuta. Converter ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, in aka ɗauke wuta daga farko za a koma. Shi ya sa muke sa saba biyun da suwic ɗin kansa a kan UPS, mu cika janareta da mai, mu fara ranar Asabar da yamma bayan ma'aikata sun tashi.